Matar da Ta Iya Mutuwa

Ranar da Selina ta fara aiki a gidan Mis Lorna Haldane, tsohuwar ta mutu a gabanta tun shayi bai huce ba.

Suna zaune ne a falo, a hawa na biyu na ɗaya daga cikin gidajen haya masu jan bulo na garin Greenbelt, kusa da Washington. Pauline, wadda ta daɗe tana kula da tsohuwar, tana nuna wa Selina inda magunguna suke. Sai Mis Lorna ta ajiye kofinta, ta dafe ƙirji, ta ƙura wa wani abu ido a bayan kafaɗar Selina, kamar wadda ta ga baƙon da ba ta zata ba. Daga nan ta sulale a kan doguwar kujera, baki a buɗe, ido rabi a rufe.

Selina ba baƙuwar mutuwa ba ce. Ta yi shekaru tana aiki a wani ƙaramin asibitin mishan a ƙasar Filato kafin ta zo Amurka, kuma ta san yadda fuska take saki idan rai ya fita. Abin da ta gani ke nan. Ta kama hannun tsohuwar ta laluba, ba ta ji bugu ba. Ta zaro waya za ta kira masu agajin gaggawa.

"Ajiye wayar nan, ƙanwata," in ji Pauline. "Za ki tara mana motocin asibiti da na kashe gobara a banza."

Ta sunkuya da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta zare silifa daga ƙafar tsohuwar ta dama, ta matsa babban yatsan sau ɗaya. Mis Lorna ta ja numfashi, ta buɗe ido, ta gyara gashinta.

"Yaya na yi?" ta tambaya da Turanci.

"Kin yi kyau, Mama," in ji Pauline. "Har sabuwar yarinya ta yarda."

Daga baya, a kicin, Pauline ta yi mata bayani a taƙaice. Abin yakan zo ne da rana, tsakanin azahar da la'asar, ba kullum ba. Masu kwana da ita ba su taɓa gani ba. Kira ba ya tashinta, girgiza ba ta tashinta, ruwan sanyi ma an gwada. Yatsan nan kaɗai. Pauline za ta koma zuwa ranar Lahadi kawai, sauran kwanakin na Selina ne.

Sauran labarin daga bakin Mis Lorna ya fito, kaɗan-kaɗan, lokacin wanka da lokacin taje gashi. Ta haura shekara casa'in, sunayen magungunanta sun gudu daga kanta, amma ƙuruciyarta tana nan daram. 'Yar mai shagon gyaran takalma ce daga wani ƙaramin gari a Ohio. Ta tafi New York da akwati ɗaya a farkon shekarun 1950, lokacin talabijin yana jariri. Ta fara da tallan sabulu, tana ɗaga kwali tana murmushi. Daga nan aka soma ba ta ƙananan wurare a wasannin kwaikwayon mako-mako. A zamanin ba a naɗar wasa a ajiye. Kai-tsaye ake yi, abin da ya faru a fage shi mutane ke gani a gidajensu a wannan daƙiƙar. Wanda ya manta maganarsa, a gaban ƙasa gaba ɗaya ya manta.

"Ban taɓa zama tauraruwa ba," takan ce. "Hancina ya yi tsawo, muryata ta yi ƙasa. Amma sun gano na iya mutuwa."

An shaƙe ta, an harbe ta, an zuba mata guba a shayi, ta faɗo daga bene, ta mutu wajen haihuwa. Ita ce matar da ake kashewa a farkon wasa don sauran su sami abin yin magana a kai. Wahalar aikin ba a faɗuwar take ba, a kwanciyar take. Gawa ba ta numfashi, ba ta ƙifta ido, fitilu na gasa ta, gumi na gangara cikin kunnenta, kuma ba ta da hanyar sanin ko kyamara ta bar kanta. An taɓa yin wani mai fitowa a gawa da ya zaci an wuce shi, ya tashi ya kakkaɓe wando ya fice, mutanen gari suna kallo. Tun daga ranar aka kafa doka a wurin da take aiki: gawa ba ta motsi sai mai kula da fage ya rarrafo ta ƙarƙashin kyamarori ya matsa mata yatsa. Ko rufin zai faɗo, ba ta motsi.

Da aka koma naɗar wasanni, aikin ya ƙaura California. Ita ba ta bi ba. Ta auri wani ma'aikacin gwamnati, suka dawo kusa da Washington, ta ɗan yi karanta wa yara labari a wata ƙaramar tasha, shi ke nan aka manta da ita. Ba su haihu ba. Mijin ya rasu tuntuni. Wasanninta kuwa, kusan duka iska ta tafi da su, don ba a ajiye ba.

Selina ta saba da aikin, amma zuciyarta ba ta taɓa kwanciya da shi ba. A gidansu, yaron da ya kwanta ya lulluɓa da farin zane yana kwaikwayon gawa, duka yake sha tun kafin ya gama dariya. Ba a wasa da mutuwa, don ba ta san wasa ba. Kakarta kuma takan hana a tashi mai barci da garaje, wai kurwarsa tana yawo, a ba ta lokaci ta dawo. Selina 'yar zumuntar matan majami'a ce, ta bar waɗannan maganganu a ƙauye. Duk da haka, kowace rana ta sunkuya za ta matsa yatsan nan, sai ta ji kamar tana buga ƙofar ɗakin da ba a gayyace ta ba.

Ta gaya wa Sailuba, nas ɗin da ke zuwa duba tsohuwar ranar Talata. Bakanuwa ce mai baki, da ƙaton gilashi da jaka mai taya.

"Maman Joel, ke ma?" in ji Sailuba, wadda da sunan ɗanta take kiran Selina, tana naɗe abin awon jini. "Zuciyarta ce ta tsufa. Bugun ya yi ƙasa, jini ya sauka, ta sume. Ko ba ki taɓa ta ba za ta farfaɗo."

"To me ya sa sai yatsa, Hajiya?"

"Saboda shi kuke matsawa. Da kunne Pauline ta fara ja, da yanzu kunne ne. Ku mutanen kan dutse, kun tsallako teku da tsafinku a jaka."

"Mu ne masu tsafi? Wa ya ɗaura wa ɗansa laya a ƙarƙashin rigar ƙwallo?"

"Wannan surukata ce, ba ni ba. Kuma ya ci ƙwallo biyu ranar."

Suka yi dariya. Amma maganar ta zauna wa Selina: ko ba ki taɓa ta ba za ta farfaɗo. Wata Alhamis cikin kaka, ganyen bishiyoyin waje sun yi ja, Mis Lorna ta sake sulalewa. Selina ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannu, ta ce yau za ta gani.

Ɗakin ya yi tsit. Can nesa ana jin kukan motocin babban titin Beltway kamar ruwa na gangara. Hasken taga ya matsa daga hannun kujera zuwa kafet. Leɓen tsohuwar ya yi toka-toka. Wani ƙuda da ya shigo ya sauka a gefen idonta, ya yi tafiyarsa a kan fatar ido, ko gezau. Selina ta taɓa hannunta, ta ji sanyi irin wanda ta sani. Abin da ya fi tayar mata da tsigar jiki shi ne, ta soma jin kamar ba su biyu kaɗai ba ne a falon. Ba motsi ba, ba inuwa ba. Irin shirun nan ne na mutane da yawa da suka riƙe numfashi suna kallon abu ɗaya.

Ta durƙusa da sauri ta matsa yatsan.

An daɗe kafin numfashin ya zo. Da ya zo, Mis Lorna ba ta tambayi yadda ta yi ba. Ta dubi Selina da idon da ya fi na kullum wayewa.

"Kin yi gaggawa," ta ce.

"Mama, kin tsorata ni."

"Zauna, yarinya."

Selina ta haura hamsin, tana da ɗa a jami'a, amma ta zauna.

"An taɓa mantawa da ni sau ɗaya," in ji tsohuwar. "A wani wasa, an shaƙe ni a bayan kujera. Wasa ya ƙare, mai kula da fage matarsa na naƙuda, ya ruga asibiti. Aka kashe fitilu, kowa ya watse. Ni kuwa ina kwance, don doka doka ce. Da farko haushi na ji. Daga baya sai ƙaiƙayi ya daina, zafin ya daina. Kin san a duk rayuwata ba a taɓa barina na gama ba? Kullum ina gab da ganin abin da ke gaba, sai a matsa min yatsa, a ce tashi ki canza riga, akwai talla. A ranar na kusa. Mai shara ne ya bugi yatsana da tsintsiya."

"Me kika gani?"

"Ban gani ba. Shi ya sa nake komawa." Ta kama hannun Selina, yatsunta kamar itacen ƙirare. "Na gaya wa likitoci kada wani ya danna min ƙirji don ya farfaɗo da ni, sun yarda. Na ce a ƙone gawata, sun yarda. Ke kaɗai kika rage. Idan na sake kwantawa, ki bar ƙafata."

"Ba zan iya ba, Mama. Rai na Allah ne."

"To ki bar masa shi mana. Ke ce kike ƙwacewa."

Selina ta tashi ta ɗora miya.

Bayan wannan tsohuwar ta sake kwantawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowane karo Selina ta matsa yatsan. Mis Lorna ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina tambayar yadda ta yi, ta daina ba da labarin New York. Takan buɗe ido ta dubi silin, hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne. Selina takan tafi gida a jirgin ƙasa tana juya maganar. Idan Sailuba ce da gaskiya, yatsan ba komai ba ne, barinsa ba laifi, matsa shi ba lada. Idan tsohuwar ce da gaskiya, to wane ne mai shiga hurumin Allah, wanda ya bari ko wanda ya tayar? Ta yi niyyar tambayar fasto, sai ta hango yadda zai dube ta ta saman tabarau, ta fasa.

Cikin hunturu 'yar Pauline ta haihu a Texas, Pauline ta tafi wankan jego ba ranar dawowa. Kamfanin da ke tura su aiki ya turo wata Loveth, 'yar Kafanchan mai 'ya'ya biyu, wadda ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba. Ranar Asabar Selina ta zagaya da ita gidan. Ta nuna mata magunguna, ta nuna mata yadda ake ɗaga tsohuwar ba a ja hammata ba, da yadda take son ƙwai, da lambar Sailuba a jikin firij.

"Akwai wani abu kuma, Anti?" in ji Loveth tana saka rigar sanyi.

Maganar tana bakin Selina. Ta waiga falo. Mis Lorna na zaune da bargo a cinya, ta zuba mata ido, ba roƙo a ciki, ba gargaɗi. Kallo kawai.

"Idan wani abu ya faru, ki kira Hajiya Sailuba," in ji Selina. "Ita ce ta san komai."

A hanya ta gaya wa kanta cewa abin bai cika zuwa ranar Lahadi ba. Ta gaya wa kanta cewa sabuwar mace za ta ɗauke ta mahaukaciya. Ta gaya wa kanta za ta kira ta da safe. Da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta tafi majami'a a Landover, wayar na cikin jaka.

An tashi sujada, mata na raba shinkafa a ɗakin taro, sai wayar ta yi ƙara. Sailuba ce.

"Maman Joel, sai haƙuri. Tsohuwarki ta tafi."

Da ta isa, Loveth na tsaye a kicin ido jajur. Ta ce bayan abincin rana ne, a kan gado, Mama ta dafe ƙirji ta kalli bango. Ta yi ta kiranta, ta girgiza ta, ta shafa mata ruwa, sannan ta kira nas kamar yadda aka ce.

"Kin yi daidai," in ji Selina. "Ba laifinki. Je ki gida wajen yaranki."

Sailuba na ɗakin kwana tana haɗa kayanta. Ta riga ta rufe wa tsohuwar ido, ta naɗe tawul ta tokare mata haɓa. Bargo ya rufe ta har ƙirji, amma ya ɗan gajarta daga ƙasa. Ƙafafun na waje, farare, ba safa.

"Kin tabbata, Hajiya?"

"Na saurari ƙirji har kunnena ya gaji. Na haska ido. Taɓa muƙamuƙin ki ji, ya fara sandarewa."

"Kin taɓa ƙafar?"

Sailuba ta tura gilashinta sama ta dube ta. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

"Me zan nema a ƙafa? Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa rufe idon mai rai ba. Amma idan hankalinki ba zai kwanta ba, ga ta nan, ki matsa. Ba wanda zai ji daga bakina. Masu ɗaukar gawa suna hanya, cunkoso ne ya riƙe su. Bari in fita in kira likita."

Ta ja ƙofar ta bar su.

Selina ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta san abin da hankali ya ce: wannan gawa ce. Amma ta taɓa ganin leɓen nan da wannan launi, ta taɓa jin wannan sanyi, kuma mai shi ta tashi ta sha miya. Idan ta matsa ba abin da ya faru, shi ke nan, za ta yi barci yau, za ta san Allah ne ya yi ikonsa, shirunta na jiya bai kashe kowa ba. Idan ta matsa kuma numfashi ya dawo fa? Ta hango idon nan ya buɗe ya sami silin, ta hango hawayen. Idan kuwa ba ta matsa ba, akwai wuta a gaba, wutar da tsohuwar ta zaɓa da bakinta, kuma Selina ba za ta taɓa sanin ko gawa ko mai rai aka saka a ciki ba.

A nan ta gane cewa ba don Mis Lorna hannunta ke ƙaiƙayi ba. Don kanta ne. So take ta sani.

Shirun nan ya dawo, ya cika ɗakin har kusurwoyi, shirun masu kallo. Ta miƙa hannu. Tsakanin yatsanta da na tsohuwar bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba, har tana jin sanyin fatar yana tasowa. Ta dubi fuskar. A duk mace-macen da ta gani a gidan nan, kullum akwai wani ɗan abu da ya rage a gefen baki, kamar na mai jiran a yaba mata. Yau babu. Ko dai ya tafi da ran, ko kuwa a yau ne kaɗai ta iya aikin har ƙarshe.

Selina ta janye hannunta. Ta buɗe kabad ta ɗauko bargon ulu mai kauri, ta shimfiɗa shi a kan ƙafafun daga sama, ta tura gefunansa ƙarƙashin katifa ba tare da fatarta ta taɓa fata ba. Ta yi addu'a, amma ba ta san me za ta roƙa ba, sai ta karanta Addu'ar Ubangiji kawai.

Masu ɗaukar gawa suka iso su biyu, cikin baƙaƙen kwat, da gadonsu mai taya. Suka gaishe ta da ladabi. Babban ya tsaya wajen kai, ƙaramin ya zagayo ƙasa, ya ɗage bargon zai kama idon sawu.

"A'a," in ji Selina. Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta nufa ba. "Kada ka taɓa ƙafarta. Ku ɗaga ta da zanen gadon."

Mutumin ya dubi Sailuba, wadda ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Al'adarsu ce," in ji Sailuba da Turanci, a hankali. "Ku yi yadda ta ce."

Suka kama zanen ta kusurwa huɗu suka ɗaga. Ba ta da nauyi. Suka ja zif, suka ɗaure maɗauri, suka fita da ita a hankali saboda ƙuncin matakala. Selina ta bi su har bakin mota, idonta na kan ƙarshen jakar, inda ƙafafun suka ɗan tokaro. Tana kallon wurin har aka rufe ƙofa.

"Zo in sauke ki a gida," in ji Sailuba.

Suka shiga mota, suka hau babban titi. Can Sailuba ta ce, idonta na kan hanya, "Kin matsa?"

"Ban matsa ba."

Sailuba ta rage gudu, ta ƙara wutar ɗumama mota. Motar masu gawar na gabansu kaɗan a cikin cunkoson, baƙa, ba rubutu a jikinta, kuma hanyarsu ɗaya ce har zuwa mararraba ta gaba.